Alhamis Babu Baƙi

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Baƙi sun shiga ɗakunansu sun miƙe, Mama tana kicin tana ɓare rogo, ni kuwa na ɗauko biro. Shekara da shekaru ina kai mutane cikin dajin nan kallon tsuntsaye. Na taɓa taka maciji, damisa ta taɓa gilmawa ta gabana ina riƙe da hannun wani tsoho, amma ban taɓa dawowa masauki a tsorace haka ba.

Jan fenti ne kawai. An shafa shi a jikin bishiyar gaggafa, daidai ƙirjin mutum, irin alamar da ɓarayin katako suke sa wa itacen da za su kayar.

Yaya Nemesio ne ya gano sheƙar a farkon shekara, can ƙolin wata bishiyar shiwawako da ke bakin iyakar gandun daji, irin wadda sai mutane da yawa sun haɗa hannu suke zagaye ta. Tun daga ranar ba mu da abin taƙama sai ita. Muka share hanya daga bakin kogi har gindinta, muka ɗaura tsummoki masu launi a rassa don kada baƙo ya ɓata, muka kafa ɗan dandamali da rumfa. Don Eusebio mai masauki ya baza hotonta ko'ina. Wato mu da addunanmu muka share wa kowa hanya zuwa itace mafi tsada a yankin nan, muna yi muna murna.

Wata baƙuwa ta tambaye ni ma'anar fentin. Na ce masu bincike ne suka sa. Haka aka koya mana, jagora ba ya ce wa baƙo akwai matsala ko da kwale-kwale yana shan ruwa. Yaya yana tsaye a bayana. Ya sa yatsa ya taɓa fentin, ya duba. Bai bushe ba.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan abincin rana

Yaya ya haɗa ragar kwanciyarsa da gidan sauro da tukunya da adda. Wai a gindin bishiyar zai koma kwana.

Na ce, "Kai da wa?"

Ya ce, "Ni da Allah."

"Allah ne ya ce ka je ka tare a gindin itace kamar mahaukaci?"

Mama ta ce, "Marleni, bakinki."

Ya ci gaba da ɗaure kayansa. "Auta, ɗan tsakon nan ko gashin fiffike bai gama fitarwa ba. In suka kayar da ita, da shi za ta faɗo. Ba za su sa inji ba mutum yana zaune a wurin."

"Wa ya faɗa maka? Sun rubuto maka ne?"

Sai ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi, ya juya wajen Mama, ya ce da zarar tsakon ya tashi zai dawo gida. Mama ta gyaɗa kai, ta zuba masa soyayyiyar ayaba a ganye. Ni na san ɗan gaggafa ko ya iya tashi ba ya barin bishiyarsa sai ya fi shekara yana kewaya ta, uwar tana kawo masa abinci. Shi ma ya san na sani. Ya kalle ni ta saman kan Mama, ya ɗan girgiza kai. Na haɗiye maganar.

Alhamis, 7 ga Agusta, da asuba

Na san ba ya nan, amma sai da na leƙa ɗakinsa.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Na samu Don Eusebio a waya, yana can Puerto Maldonado cikin sanyin fanka. Ya ce ya kai ƙara. Masu gadin gandu ba su da yawa, kuma suna jiran mai, in an ba su za su zo. In an ba su.

Na ce, "Don Eusebio, kafin nan fa? Yayana ne a can."

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Ki riƙa kai baƙi wurin kullum, kada ki tsallake ko rana ɗaya. Mutanen nan ba sa son hoto. Muddin akwai Turawa da kyamarori a gindin itacen, babu abin da zai faru."

"In faɗa wa baƙin?"

Ya ce, "Ki faɗa musu me? Gaggafa suka zo gani."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma na juya maganarsa ta kowane gefe ban ga wata dabara ba. Saboda haka gobe zan jera tsofaffin mutane masu hulunan rana in sa su tsakanin yayana da waɗancan, su kuma suna ganin yawon shan iska suka fito. Allah ka gani.

Talata, 12 ga Agusta, bayan mun dawo

A sabbin baƙin akwai wata tsohuwa 'yar Holan, Doña Griet, mai tafiya da sanda. Ta ce tun tana budurwa take son ganin gaggafar nan mai ɗauke biri daga reshe, mijinta ya mutu ba su samu zuwa ba. Tana tafiya a hankali, ni kuma zuciyata tana gudu.

Akwai guntayen taba a hanya. Akwai sawun takalman da ba namu ba, da warin fetur a wajen ƙoramar farko. Duk inda na hango abu a ƙasa sai in ɗaga hannu in ce, "Ku dubi sama, ku dubi can!" su duka su ɗaga kai. Yau na nuna tsuntsayen da ko kallon kirki ba su cancanta ba. Aikin namu ya zo da sauƙi ta nan, mai kallon tsuntsu ba ya duba inda yake taka ƙafa.

Mun yi sa'a, uwar ta zo da biri a ƙafa. Tsakon ya miƙe a bakin sheƙa, fari fat, ya kai girman talotalo, yana ta ihu. Doña Griet ta sauke abin hangenta tana share hawaye. Ta riƙe hannun Yaya da hannu biyu tana godiya, shi kuma yana washe baki kamar shi ya haifi tsakon.

Ya rame. Sauro sun yi masa kaca-kaca a wuya. Da na ja shi gefe don in ba shi abinci, ya ce a hankali, "Sun zo jiya da yamma."

"Suka ce me?"

"Ba komai. Suka zauna a dandamali suka sha taba. Ɗayansu ya tambayi lafiyar Mama."

"Wane ne?"

"Kin san shi."

Na juya na yi wa baƙi murmushi na ce lokacin shan kofi ya yi.

Laraba, 13 ga Agusta, da azahar

Na kai su, na dawo da su. Babu wanda ya san komai.

Juma'a, 15 ga Agusta, da la'asar

Ya zo. Ba zan rubuta sunansa ba.

Ina bakin kogi ina wanke takalman robar baƙi, sai ga ƙaramin kwale-kwale ya kashe inji ya matso. Mutumin da ya yi makaranta da Yaya, wanda ya ci shinkafar Mama har ba adadi, muna yara yana goya ni mu haye ƙorama.

Ya ce, "Marleni, ƙanwata. Kin ga yadda kika zama babbar mace?"

Na ce, "Ni ba ƙanwarka ba ce."

Bai ji haushi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya zauna a bakin kwale-kwalen yana wasa da ruwa. Ya ce shi ɗan aike ne kawai, akwai na sama da shi, kuma haƙurinsu ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Ni na san Nemesio. Waɗanda za a turo in na kasa ba su san shi ba, ba su kuma san Mama ba."

Na ce, "Ba ka ji kunya ba?"

"Kunya? Da ba na jin kunya da ban zo nan ba. Rana ɗaya muke nema, Marleni. Ba baƙi, ba shi. Rana ɗaya kawai, kowa ya koma gidansa da ƙafafunsa."

Na ce masa Allah ya isa, na faɗi wasu maganganun da Mama ba ta san na iya ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗauko wani ƙaton kifi ya ajiye a kan matakala, ya ce a gai da Mama, ya ce in ina nemansa yana ƙauyen bakin rafi, wajen mai sayar da fetur.

Mama ta dafa kifin da albasa. Baƙi suka yi ta yabo. Ni ko romon ban iya taɓawa ba.

Asabar, 16 ga Agusta, da rana

Muna gaɓar jan yumɓu da sassafe, inda manyan aku suke sauka cin ƙasa, sai muka ji ƙara ɗaya daga wajen iyaka. Akun suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi ja. Na ce wa baƙi reshe ne ya karye. Bakina ne ya faɗa, ni ban san na faɗa ba.

Na bar su da Hilario direban jirgin ruwanmu, na yanki daji da gudu. Na faɗi sau ban san adadi ba. Ina gudu ina kiran sunansa a zuci, don na kasa kira da baki.

Na same shi zaune a kan saiwa yana juya tukunyarsa. Harsashi ya huda ta, ya shiga nan ya fita can. A kan murhu take, taku kaɗan daga ragarsa.

Ya ce, "Kin ga, na samu rariya."

Na durƙusa. Ni Marleni da ko a coci gwiwata ba ta son ƙasa, na durƙusa a cikin taɓo na riƙe ƙafarsa. Na ce, "Yaya, don girman Allah. Don darajar Baba da ke kabari. Tsuntsu ne fa. Tsuntsu ne!"

Ya ce, "Ni na kawo su nan, Auta. Shekaru nawa uwar nan tana zaune lafiya, sai da na ga sheƙarta na kasa riƙe bakina. Tashi, kina ɓata wandonki."

Taurin kai irin na Baba. Shi ma haka kogi ya tafi da shi, ana ce masa kada ya haye yana cewa ya san ruwan.

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Mama ta kunna kyandir biyu. Ban faɗa mata zancen tukunya ba. Ta ce, "Me ya sa yake son sabuwa?" Na ce tsohuwar ta tsufa. Ta daɗe tana kallona.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan abincin rana

A hanyar dawowa Doña Griet ta ja baya har muka rage mu biyu. Ta ce, "Marleni, ni tsohuwa ce amma ina da hanci. Fetur nake ji a dajin da babu mota. Lafiya dai muke a nan?"

Na ce, "Lafiya ƙalau, Doña."

Ta ce, "To, na yarda da ke." Ta dafa kafaɗata ta haye gungume.

Da ta zage ni da ya fi mini. In wani abu ya samu matar nan, a wuyana yake. In na daina kai su, Yaya ne. Ina tsoro in na fita, ina tsoro in na zauna, ko ƙarar faɗuwar 'ya'yan itace a kan kwano sai ta sa ni zabura.

Jibi Laraba waɗannan za su tafi, Hilario zai kai su gari ya kwana biyu can, ya taho da wasu ranar Juma'a.

Alhamis babu baƙi.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Alhamis babu baƙi.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Na bi Hilario ƙauyen bakin rafi sayen mai. Ya yi mamaki, ya ce yaushe na fara son warin fetur. Na ce sabulu zan saya.

Na tsaya a wani wuri. Ban daɗe ba.

Na manta ban sayi sabulun ba.

Laraba, 20 ga Agusta, da la'asar

Baƙi sun tafi. Doña Griet ta rungume ni, ta ce in gaishe mata da jaririn.

Da jirgi ya sha kwana na shiga kicin na rufe ƙofa. Na fara magana ina kewaye-kewaye, Mama ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Tukunya ba ta tsufa a mako biyu." Ta kwance zanen aikinta, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta kwanta, ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Ta ce, "Je ki kira mini ɗana. Ki ce ƙirjina ne."

Ashe Mama ta fi ni iyawa. Da ya shigo yana haki ta riƙa numfashi sama-sama har ni kaina na fara tsorata. Ruwa ya ja baya sosai, in ba Hilario ba babu mai iya ratsa yashin nan da ƙaramin jirgi sai Yaya. Asibiti kuma sai gari, tafiyar kusan yini. Suka tsayar da shawara za su tashi da asuba.

Ya same ni a baranda. Ya ce, "Auta, gobe ki je ki zauna a wurina. Ki ɗauki kyamarar masauki ki rataya a wuya. In sun ga mutum ba za su matso ba. Kin ji?"

Na ce, "To."

"Ki kalle ni."

Na kalle shi na ce, "To, Yaya."

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Sun tafi. Ina kicin. Kyamara tana kan tebur.

An fara. Daga nan kamar kukan sauro ake jin injin yankan, ya tsaya, ya ci gaba. Birai masu gurnani da ba sa fashin safiya yau ko ɗaya bai yi ba. Na wanke tukwanen da Mama ta riga ta wanke. Na toshe kunnuwana, ashe ta cikin haƙora yake shiga.

Yaya yana cikin jirgi. Yana nesa. Kowace ƙara na ji sai in ce yana nesa.

Alhamis, da la'asar sakaliya

Ta faɗi. Kamar tsawa a wani gari.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Sabbin baƙi gaggafa suka zo gani. Na ce hanyar ta lalace, na kai su tafki kallon karnukan ruwa. Wani mai dogon gemu ya yi ta mita, na bar shi ya yi.

Su Mama sun dawo da rana. Likita bai ga komai ba sai ɗan hawan jini. Yaya ya taimaka mata ta hau matakala, ya kai ta har ɗaki, ya fito. Ya ga kyamara a kan tebur inda na bar ta. Ya dubi takalmana a bakin ƙofa, busassu, babu ɗigon taɓo. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki adda ya shiga daji.

Ya dawo rana tana faɗuwa, ƙasa cike da faratansa, gwiwoyin wandonsa jajur. Na gane abin da ya haƙa, da abin da ya binne a ciki. Ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannu.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Yana da rai. Yana cin abinci, yana wanke kwanonsa, yana gyara injin jirgi. Yana ce mini ina kwana. Yana ce wa Mama yaya ƙirjin, ita kuma ta ce da sauƙi, su duka biyu ba sa kallon juna.

Ban yi nadama ba, na rantse ban yi ba. In aka maido ni Talatar nan zan sake shiga jirgin. Amma da ya yi mini ihu, da ya fasa wani abu. Shirun nan nasa ya fi injin ba ni tsoro.

Hilario ya ce uwar tana nan tana kewaya wurin tana kira. Na ce wa ya tambaye shi.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Masu gadin gandu sun zo. Yanzu suka samu man. Sun je sun ga kututture, sun auna, sun ɗauki hoto. Babbansu ya ce za su hau har kan rafi, inda waɗancan suke da sansani, amma ba su da wanda ya san ruwan da rani. Yana rufe baki Yaya ya ce, "Ni na sani."

Na bi shi har bakin kogi ina jan jakarsa kamar ƙaramar yarinya, ban damu da masu kallo ba. Na ce, "Yaya, can fa gidansu ne. Wanda ya san ka ma ba shi da ta cewa a can. Don me ka ga mun yi duk abin da muka yi?"

Wannan ne karo na farko da na ce mun yi.

Ya ce, "Na san don me. Ba na fushi da ke, Auta. Na so in yi, na kasa." Ya zare yatsuna daga jakar ɗaya bayan ɗaya. "Amma akwai wasu bishiyoyin a can, kuma ni ba zan iya zama a nan ina nuna wa mutane aku ba."

"Yaushe za ka dawo?"

Ya buɗe baki, na ga yana neman irin maganar da ya yi wa Mama wancan karon. Bai samu ba. Ya shiga jirgi ya zauna a wajen inji.

An gudu ba a tsira ba. Da yana gindin itace na san inda yake, ina kai masa abinci, ina ganinsa da idona kowace safiya. Ni na ɗauke shi daga nan. Inda za shi yanzu babu hanya, babu baƙon da zan iya kaiwa in tsayar a gabansa.

Mama ba ta sauko ba. Da na hau na same ta zaune a bakin gado, hannunta a kan ƙirji. Na ce, "Mama, ya tafi, ba sai kin yi ba."

Ta ce, "Ba yi nake ba."